Bahagon Dodon Koɗi

"Dama ne!" tela ya ɗaga murya. "Wallahi bakinsa dama yake kallo!"

Yana tsugune gaban akwatin gilashin kifin, ido ɗaya a rufe, ɗayan maƙale da madubin duba cikin agogo. A tafin hannunsa ga wani ɗan mitsitsin dodon koɗi, bai kai ƙwayar wake ba.

Mai akwatin, tsohon mai gyaran agogo, yana kwance kusa da taga. Wata uku ke nan ciwon ƙirji ya kayar da shi, idonsa kuma ya dushe. Shekara ashirin katanga ɗaya ce tsakaninsa da tela, har ya riga ya ce telan ne zai gaji kifayen. Sai ga waɗannan halittu sun biyo sabuwar ciyawar ruwa, sun cika jikin gilashi. Tsohon ya gindaya ƙa'idarsa: in bakin katantanwar yana dama, maciyin ciyawa ne, a kwashe. In yana hagu, mai share gansakuka ne, a bar shi.

'Yar tsohon tana tsaye da kwanon ruwan gishiri.

"Shi ke nan, Kawu, zubo su nan. Ƙazanta a ɗakin marar lafiya!"

Haka ɗan Adam yake. Abin da bai san sunansa ba, kashewa yake fara yi, tambaya ta biyo baya.

"Dakata," tsohon ya ce, numfashinsa na sarƙewa. "Tela, tsinin yana ina?"

"Yana ƙasa, Baba."

"Kai! Duk shekarunka a kan keke, ka taɓa ɗinka wuyan riga a gindi? Tsini sama, baki ya fuskance ka!"

Kunya ta kama tela. Ya juya dodon koɗin da ɗan yatsa, ya matso da ido. Zumbur ya miƙe, har madubin ya kusa faɗawa ruwa.

"Hagu! Baba, hagu ne!"

"Mayar da shi ruwa ya fito da kai. Ƙahonnin fa, faffaɗa ne ko sirara?"

Suka jira. Har 'yar ta leƙo ta bayan kafaɗarsa, kwanon na tangaɗi a hannunta.

"Sirara! Kamar zaren ɗinki!"

Tsohon ya fashe da dariyar da ba a ji daga bakinsa ba tun da ya kwanta. Tari ya turnuƙe shi, bai fasa ba.

"Bahago ne! Ɗan'uwana ne!" Ya ɗaga hannun hagunsa, ga tsohon tabo a bayan yatsu. "Ni ma a juye aka riƙe ni. Dukan da hannun nan ya sha ina yaro, ko jaki sai haka. Kuma da shi na ciyar da ke."

"To Baba, ai danginka sun yi yawa," in ji 'yar, tana dariya tana share ido. "Sun fi talatin."

"A duba su ɗaya bayan ɗaya. Kada a yi wa kowa hukunci da laifin wani."

Ta ajiye kwanon, ta ɗauko cokali. Ita ke tsamowa, tela na dubawa, tsini sama.

"Hagu!"

"A bar shi!" in ji tsohon daga kan gado.

"Hagu kuma!"

"A bar shi! Ke, a hankali da cokalin nan, ba miya kike ɗiba ba."

Ɗakin ya kacame kamar wurin kallon ƙwallo. Rana ta shigo ta taga, kifaye na ta kai da komo. Tela har rawar kafaɗa yake yi.

"Na goma sha tara, hagu! Baba, ka ji? Hagu!"

Shiru, sai ƙarar agogunan bango.

Tela bai waiwaya nan take ba. Ya ji cokali ya faɗi ƙasa, ya ji takun 'yar zuwa gado, ya ji salatinta. Ya zura hannu cikin ruwa, ya saki na goma sha tara a kan ganye.

"A bar shi," ya ce a hankali.

Bayan mako guda da rasuwar tsohon, akwatin ya koma shagon tela, gefen keken ɗinki. 'Yar ta kawo masa madubin, naɗe cikin hankici. Gilashin ya yi kore da gansakuka, amma can a kusurwa wani ɗan bahago yana hawa sannu sannu, yana barin siririyar hanya tas a bayansa, haske na bi ta cikinta.