Shawarar Malama Iklima

Ranar Litinin Malam Badamasi ya karɓe makullin ɗakin kwamfuta daga hannun Iklima. Bai ɗaga murya ba. Makullin ya suɓuce masa ya faɗi, ya sunkuya da kansa ya ɗauka.

Makarantar ta al'umma ce a Kambarawa, iyayen yara suka gina ta, shi kuma Malam Badamasi shi ne hedimasta. Kwamfutocin tsofaffi ne, wani Alhaji ɗan unguwar ya bayar da su da ya sabunta ofishinsa. Sun daɗe a jibge kafin a ɗauki Iklima koyar da lissafi. Ita ta samo faifan wata manhaja ta kyauta mai tafiyar da kwamfuta gaba ɗayanta, wadda mutane daga ƙasashe daban-daban ke haɗuwa su gina don ra'ayin kansu. Ta ɗora ta, injinan suka farfaɗo, yaran da ba su taɓa taɓa kwamfuta ba suka fara buga sunayensu.

Abu ɗaya ya hana ta sakat. Da an ɗauke wuta, duk abin da yara suka rubuta ya tafi. Ta ga yarinya ta kusa gama shafi da yatsa ɗaya, fuskar kwamfutar ta yi baƙi, yarinyar ta kifa kai a tebur. Da ta kai kuka ofishin malamai aka ce mata, "Haka wuta take, Malama, sai haƙuri." Wannan amsar ita ce abin da Iklima ta fi tsana a duniya. Soja sun koma bariki shekaru ke nan, amma har yau in mutum zai ce famfo ba ruwa sai ya waiga tukuna.

Masu manhajar suna da zaure a intanet inda kowa ke kawo shawara. Sai ta je wani shagon intanet kusa da Babbar Kasuwa ta rubuta tata: a sa manhajar ta riƙa adana aiki da kanta, yadda in wuta ta dawo yaro zai tarar da rubutunsa inda ya bar shi. Ta sa sunanta da sunan makaranta. Don su fahimci halin da ake ciki, ta ƙara da cewa wani babba da ya zo neman ƙuri'a ya yi musu alkawarin janareto, kuma tun da ya ci zaɓe ba a sake ganinsa ba.

Da ta koma shagon ta tarar da amsoshi. Ta buga su a takarda, ta kai wa hedimasta cike da murna. Saƙo na ƙarshe gajere ne, daga wani mai suna Yahaya Dabo: "Na ga saƙonki. Ina kusa da ku. Zan zo makarantar ranar Alhamis in gani da idona."

Malam Badamasi ya karanta, ya tashi ya rufe ƙofar ofis.

"Malama, wane ne wanga?"

"Ɗaya daga cikin masu aikin ne, ranka ya daɗe."

"Kin san shi? Kin san ubansa? Ina ofishinsu?"

"Ba su da ofis. Kowa daga gidansa yake yi."

"Mutanen da ba su da ofis," ya ce a hankali. "Na san irinsu. An ba ki abu kyauta, ba ki gode ba, kin je gaban duniya kin ce bai yi ba. Wannan kaɗai rashin kunya ne. Sai kuma kika sako babban mutum a ciki, kika rattaba sunan makarantata a ƙasa."

"Su suka ce a faɗi inda ya gaza. Da haka ake gyara shi."

"Ni ma haka aka ce mana, a faɗi."

Kowa a Kambarawa ya san labarin, ko da yake ba a yin sa a fili. A zamanin soja Malam Badamasi ya taɓa rubuta wa jarida cewa rufin ajinsa ya yaye, yara na karatu cikin ruwa. Wasu mutane masu fara'a suka zo suka ce yana da gaskiya, ya zo ya nuna musu wurin. Damina ta wuce kafin ya dawo gida, yana jan ƙafar hagu.

"Ranar Alhamis bayan azahar mota za ta zo ta mayar wa Alhaji kayansa," ya ce. "Ɗakin ya koma sito. In an zo tambaya, ba mu da kwamfuta."

"Yaran fa, Malam?"

"Yaran suna da allo da alli, kamar yadda muka yi."

Ya karɓe makullin, ta fita tana huci. A ranta tana cewa tsoro ne kawai na tsofaffi, irin wanda ya bar garin nan a zaune. Amma washegari da ta shiga ofishin malamai, hira ta tsaya. Malama Mairo, wadda suke cin ƙosai tare kullum, ta janye kujerarta tana dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Ke dai ki bar mana wasiyya, wa zai gaji jakar nan taki?"

Iklima ta koma shagon intanet ta nemi Yahaya Dabo. Ba hoto, ba adireshi, ba sunan gari. Ta sake karanta saƙon. Ina kusa da ku. Jiya ta ji shi kamar gaisuwa, yau kuwa kamar barazana. Mai shagon ya tsaya a bayanta yana gyara waya, ta yi sauri ta rufe shafin, ta ji kunyar kanta.

Ranar Alhamis da safe hedimasta ya aika a kira ta. Ana zafi, amma ta ga wuyan wata riga a ƙarƙashin wadda ke jikinsa. A gefen tebur akwai baƙar leda, ta hango kwalin maganin hawan jini da asuwaki da carbi.

"Malam, riga biyu da zafin nan?"

"Simintin kurkuku yana da sanyi." Ya gyara hularsa. "Ki saurare ni, ɗiyata. In sun zo, ni na sa kika rubuta. Ni na faɗi kalmomin, ke bugawa kawai kika yi. Kin ji ko?"

Duk maganganun da ta shirya faɗa masa suka watse. Ta so ta ce ba abin da zai faru, ta ji ba ta da tabbacin da za ta faɗa da shi.

Hantsi ya yi sai ga farar mota ta tsaya a ƙofar makaranta. Tanko maigadi ya ɗauki buta ya zagaya bayan azuzuwa. Wani dogon mutum ya fito da baƙar jaka, direba ya zauna a ciki injin na aiki. Malam Badamasi ya ɗauki ledarsa ya fita tarbarsa, ita kuma ta bi shi.

Aka yi sallama. An kwana lafiya, ya aiki, ya iyali, ya zafi, ya hanya. Hedimasta ya ƙare gaisuwar ya sake ɗauko ta daga farko, kamar mai tsoron abin da zai biyo bayanta.

"Ni ne Yahaya," in ji baƙon. "Wace ce Malama Iklima?"

"Ni na sa ta," Malam Badamasi ya ce da sauri.

"Madalla da kai, Malam." Ya juya wajen motar. "Direba, buɗe but."

Hedimasta ya ƙanƙame ledarsa, leɓunansa na motsi. Iklima ta sha gabansa ba tare da ta yi shawara da kanta ba. But ya buɗe. Ƙaramin janareto ne a ciki, irin na masu aski, da galan ɗin fetur.

"Na san ba zan tarar da wuta ba," in ji Yahaya. "A Funtuwa ma haka muke. Kemis gare ni can, wanga aikin da yamma nake taɓa shi. Shatar mota na yi saboda injin."

Sai da Iklima ta miƙa hannu kafin Malam Badamasi ya tuna makulli na aljihunsa. Aka tayar da janareto. Yahaya ya ce wata mata a wata ƙasa mai nisa ce ta ga shawarar ta rubuta gyaran, amma su can ba a ɗauke musu wuta, ana son wanda zai gwada a inda abin ke faruwa. Ya sa faifai, aka jira. Sannan ya ce Iklima ta rubuta wani abu. Tana tsakiyar layi ya fizge waya daga soket, fuskar ta yi baƙi. Ya mayar, kwamfutar ta yi ta gurnani, ta tashi. Rubutunta na nan, har rabin kalmar da ba ta ƙarasa ba.

Iklima ta zauna a kan bencin yara.

Malam Badamasi bai dubi kwamfutar ba. Baƙon yake kallo.

"Malam Yahaya, tsakaninka da Allah, wa ya aiko ka?"

"Ba kowa, Malam."

"To wa za ka kai wa rahoto?"

"A zauren intanet zan rubuta, kowa ya gani. In kana da shawara ma sai in haɗa."

"Ba ni da ita. Sunan makaranta fa, da maganar janareton nan, a goge."

Yahaya ya sosa ƙeya. "Sai dai haƙuri. An riga an kwafa wurare da yawa, ba mai iya gogewa."

"Har abada?"

"Haka nake zato."

Bayan azahar motar ɗaukar kaya ta zo. Iklima ta tsaya a bakin ɗakin. Malam Badamasi ya daɗe yana duban motar, sannan ya ja ƙafarsa ya je ya yi magana da direban, motar ta juya ba kaya. Ya wuce ofis bai nemi makullin ba.

Ranar Litinin yara suka cika ɗakin. Da Iklima ta je gaishe shi, ta ga wuyan riga ta biyu a ƙarƙashin ta sama, baƙar ledar kuma tana gefen tebur.