Ƙwarin Tabkinmu

Ruwan ya kai wa Yaya Zara'u cinya. Ta nutsa rariyar a hankali, ta ɗago. Wasu 'yan halittu kamar ashirin suna wutsil-wutsil a ciki, kowanne bai kai tsawon farce ba, jikinsu garai-garai kamar ruwan, idanu ne kawai baƙaƙe.

"Shekara tara a ƙasar Turawa," in ji ta, "ashe ƙwarin tabkinmu ka je koyo. Da ni ka tambaya, Misbahu, da yini ɗaya ya ishe mu."

"Ba ƙwari ba ne, Yaya. Dangin jatan lande ne."

"To, ɗan'uwan lande, miƙo kwalba."

Na miƙa daga bakin gaɓa, da takalmin roba har gwiwa.

Aikina ke nan, rarrabe halittun da ido ke gani iri ɗaya. Littattafai sun ce iri ɗaya ne ke rayuwa a tabkunan damina na yankin Korgom. Ni ina zargin biyu ne. Bambancin yana ƙahon namiji: wani ƙaya uku, wani huɗu. In na tabbatar, jami'ar da ke ja mini rai za ta ɗauke ni aiki.

*

A Maraɗi na ɗiga ruwan a gilashi, na sa ƙarƙashin madubin awo mai girmama ƙananan halittu. Kafin in ga ƙaho, wani abu ya gilma, siriri, wutsiyarsa a rabe biyu. Sai wani, sai wani. Na san su tun shekarata ta farko a makaranta. Tsutsar tsargiya ce, mai sa fitsarin jini, wadda ke fitowa daga dodon koɗi ta huda fatar duk wanda ya tsaya a ruwa. Na ture su da bakin allura, don suna tare mini gani.

Maza huɗu kawai na samu. Talatin nake buƙata kafin tabkin ya ƙafe. Na kira Yaya a waya, na roƙe ta ta riƙa ɗebo mini wasu.

"Kowace Laraba?" in ji ta. "Ka mai da ni masunciya ke nan."

"Da rana tsaka. Lokacin suke tasowa sama."

"Na ji. Amma ruwan lafiya dai? Maigida ya ce in tambaye ka, tunda kai ka auna shi da inji. Ka san halin da nake ciki."

Na sani. Cikin wata huɗu gare ta, bayan uku da suka zube. Tun da ta samu wannan ta bar wanki a tabki, sai rijiya, duk da nisanta. Don ni ta koma.

"Ina kan dubawa," na ce.

Na gaya wa kaina rabin garin a ruwan nan suke wuni. Na gaya wa kaina mako biyu kawai, sannan in faɗa mata. Kwalabe suka riƙa zuwa a motar kasuwa, kowace da zare ɗaure a wuya, ƙulli ɗaya mako ɗaya, don Yaya ba ta rubutu. A kwalba mai ƙulli tara na cika talatin.

*

Bayan an kai gero rumbu na koma ƙauye. Na tarar da mijinta Maharazu yana ɗaura sa a amalanke. Bai tsaya dogon gaisuwa ba.

"Sati uku tana fitsarin jini. Malamin asibitinmu ya ce jininta ya yi ƙasa, a kai ta asibitin Tasawa." Ya ja igiyar da ƙarfi. "Wai daga tabki ta ɗauko. Na ce masa kai dai nemi wani dalili. Ƙanenta ya auna ruwan da injin Turawa, da akwai wani abu da shi zai fara faɗi. Ko ba haka ba, Malam?"

Na duƙa na riƙe masa ƙarshen igiyar.

Mata biyu suka fito da ita. Leɓenta fari fat. Suka kwantar da ita, ta buɗe ido ta gan ni.

"Bature ya zo. To, ƙwarin naka iri ɗaya ne ko biyu?"

"Biyu ne, Yaya."

"Ka ji ko, Maigida? Biyu. Shekara arba'in muna kallonsu ba mu sani ba." Ta yi ɗan murmushi, sannan ta kamo hannun rigata, ta rage murya don kada mijinta ya ji. "Tun shekaranjiya ɗan cikin bai motsa ba. Kai da ka yi karatu, haka suke yi wani lokaci ko?"

Na buɗe baki. Maharazu ya daki san, amalanken ya girgiza.

"Hau mana," in ji ta.

Na hau. Ta ja jikinta da kyar zuwa kan katakon, ta bar mini wajen da tabarma take.