Idon da ke Ƙarƙashin Kwalekwale

Karo na uku ke nan Choji yana buga wa na'urar tafin hannu, amma allon bai fasa nuna dishi-dishi da baƙaƙen ɗigo ba. Tsohuwar na'urar gano kifi ce, tun wadda Turawan wani shiri suka bari kafin a ƙirƙiro jiha. Da ita yake duba dam ɗin nan na bayan Dutse kowace shekara, sannan ya sa hannu a takarda: a buɗe su, wato kamun kifi, ko a rufe. Ga masunta can cike da gaɓa da tarunansu, shi kaɗai suke jira.

"Malam Choji, ko dai talabijin ɗin taka ta tsufa?" in ji Jaji, sarkin ruwa, wanda ke tuƙa kwalekwalen.

"Ranka ya daɗe, bara ma da ƙyar na gani. Bana kuwa kamar an watsa mata kunu."

Ya kankare kan batir da wuƙa. Ya bi waya yana latsawa ko ɓera ya ci. Lafiya lau. Saura idon na'urar da ke manne a ƙarƙashin kwalekwale. Ya naɗe hannun rigarsa mai guga, ya kwanta rubda ciki, ya zura hannu cikin ruwa.

Sai ya ji yatsunsa sun lume. Ya ɗebo wani baƙin abu mai yauƙi, da 'yan tsutsotsi suna motsi a ciki. Ɗoyin ya bugi hancinsa.

"Mene ne wannan, don girman Allah?"

"A'aha, kar ka zubar! Haɗin kakanni ne. Hanjin tarwaɗa ne da saiwoyi, a rufe a tulu kwana arba'in. Kowane jirgi sai na shafa masa kafin su. Naku na gwamnati ma ban ware shi ba, a kan idon nake labta masa, don ya fi ganin kifi."

"Tun yaushe?"

"Bana ta huɗu."

Choji ya tofar da yawu. Yana kau da kai, ya yi ta kankara da farce har ya ji santsin roba. Da ya ɗago, allon ya washe tas. Ga ƙasan dam, ga kututturen bishiya, ga wasu 'yan kifaye biyu suna wucewa. Ɗigon nan da ya shekara uku yana rubutawa a matsayin garken kifi, ko ɗaya babu.

Suka zaga gabas, suka zaga yamma. Wayam.

Wato da hannunsa ya yi ta buɗe su, ana ta kwashe ruwan har da 'ya'yan kifi. Ƙyamar da ya ji yanzu ta fi ta ɗazu.

Jaji ya leƙo allon. Can ya jawo wata ƙwarya daga ƙarƙashin mazauninsa, ya rage murya.

"Akwai saura. In mayar mata? Mutanen nan da iyali suka zo."

Choji ya dubi gaɓa. Har an fara kiɗa. Ya goge hannu a wando, ya zaro takarda, ya rubuta "a rufe", yatsansa ya bar baƙin tabo a gefen sa hannun.

"Juya mu koma, Sarki. Ni zan faɗa musu."