Ranar da Aka Hana Baba Magana

Abin ya fara ne da hantsin wata Talata, lokacin da Baba ya zame daga kan benci a ƙofar gidanmu, ya zauna a ƙasa dafe da ƙirji. Ina shanya kaya na hango shi.

Gidan haya ne, ɗakuna a jere, famfo ɗaya a tsakar gida. Ɗakina yana kallon na wata tela da mijinta ɗan ƙasar nan, mai sayar da kayan waya a bakin titi. Baba mahaifin telar ne. Daga wata ƙasa ya zo ganin jikar da aka haifa masa, zaman ya yi masa daɗi ya zarce. Mutum ne mai son hira. Yana jin harshenmu, amma yana karya shi ta yadda ko yaro ya ji zai san ba a nan aka haife shi ba, kuma hakan bai taɓa sa ya rage magana ba. Tun da ya ji na yi ritaya daga koyarwa, gaisuwarsa ke nan kullum: "Malama, yanzu da babu ɗalibai, wa kike duka?"

Kafin in ƙarasa wurinsa, telar ta fito da gudu, an kira mijinta, mai askin da ke maƙwabtaka da mu ya bar wani da rabin kai ya tare mana tasi. Ni aka miƙa wa jaririyar. Muka cusu a motar, Baba a tsakiya, gumi yana tsattsafo masa har rigarsa ta jiƙe.

A hanya ne mai aski ya juyo daga kujerar gaba.

"Mai waya, ka san dai yadda ake yi? Baƙo sai ya ajiye kuɗi kafin a taɓa shi. Ba kuma kuɗin wasa ba."

"To ya za a yi?"

"Ka ce kawunka ne. Ɗan ƙasa. Magana ta ƙare."

"Yana buɗe baki za su gane."

"To kada ya buɗe. Ka ce bebe ne."

Na ce, "Haba, likita fa zai yi masa tambayoyi. Ciwo a jikinsa yake, shi ya san inda yake ji."

"Malama, ke fansho kike ci," in ji mai aski. "Bar masu nema su yi dabara."

Mai waya ya sunkuya kusa da kunnen surukinsa, cikin ladabi, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Baba, don Allah ka rufa mana asiri. Ko me suka tambaya, ni zan amsa. Ka ji?"

Baba ya dubi 'yarsa. Ta sunkuyar da kai. Ya gyaɗa kai a hankali.

A sashen gaggawa akwai teburi daf da ƙofa, da wani ma'aikaci yana ɓare lemo da farce. Bai ɗaga ido ya dubi mutumin da aka rirriƙe a gabansa ba. Tambayarsa ta farko ba mene ne ya same shi ba ce.

"Ɗan ƙasa ko baƙo?"

"Ɗan ƙasa," in ji mai waya. "Kawuna ne. Ba ya magana."

Ma'aikacin ya nuna mana dama da ɓawon lemon. A hagu kuwa akwai wani benci inda baƙi suke jira har a kawo kuɗinsu. Na ga wata mata a can da ƙafa naɗe da tsumma, jini ya bushe a kai, ƙudaje suna bi, mijinta yana ta buga waya yana roƙo. Mutane suna wucewa ta gabanta kamar ba rai ba ce.

Ba a shiga da jarirai, don haka aka tsayar da ni a bakin ƙofa. Labulen bai rufu duka ba, ina ganin gadon. Likitar matashiya ce, da alamar gajiya, amma ta tambaya yadda ya kamata.

"Ina ne yake masa ciwo?"

Baba ya ɗora hannu a ƙirji, ya soma jan shi zuwa kafaɗa.

"Ƙwannafi ne," mai waya ya yi saurin cewa. "Ya saba. Ciwon ciki ne da shi."

"Akwai maganin da yake sha?"

"Babu."

Na ga leɓen Baba ya motsa. Ya ja numfashi kamar mai shirin magana, ya dubi surukinsa, ya mayar da bakinsa ya rufe. Aka ba shi wani farin ruwa a ƙaramin kofi, aka ce ya kwanta a gadon ƙarshe har a waiwayo shi.

Na tare wata nas da ta fito da tire. Na ce, "'Yata, tsohon can yana magana. Ku tambaye shi da kansa." Ta ce tana zuwa, ta shige wani ɗaki, ban sake ganinta ba.

Mai aski kuwa ya samu abokan hira a baranda. Da kunnena na ji shi yana cewa wani mai gadi, "Ai ni ban ga laifin dokar ba. Harajinmu ne. Kowa ya kwaso ciwonsa ya tsallako mana, ina za mu kai?"

"Wannan gaskiya ne," in ji mai gadin.

"Namu dai daban ne. Namu mutumin kirki ne."

Na matsa gefe ina jijjiga yarinyar, ina karanta abin da ya sawwaƙa.

Daf da azahar aka soma guje-guje a ciki. Aka ja labulen duka. Bayan wani lokaci na ji muryar telar, ba ihu ba, wani sauti gajere kamar an take ta. Na yi salati, na roƙa masa rahama.

Likitar ta fito riƙe da abin da aka samu a aljihunsa: carbi, da fankon wani magani da ya ƙare.

"Na zuciya ne wannan," ta ce da mai waya. "Ka ce mini ba ya shan komai."

"Wallahi ban sani ba."

Na yarda bai sani ba. Baba ne kaɗai ya sani, shi kuma an roƙe shi ya yi shiru, kuma bai kasance mai ba surukinsa kunya ba.

Kafin a ba da gawa sai an koma teburin nan an faɗi ko wane ne mamacin. Mai aski ya jawo mai waya jikin bango, kusa da ni, idanunsa jajur, don shi ma ya yi kuka.

"Yadda aka fara, haka za a ƙare. Kawunka ne, bebe. Ka canza magana yanzu, su caje ku kuɗin baƙo, su riƙe gawar har sai kun biya."

Mai waya ya share fuska da hularsa, ya juya wurin matarsa. "Ki yi haƙuri. Shi dai ya riga ya tafi. Suna kawai za a rubuta."

Telar ta juyo gare ni. Ta zo ta karɓi 'yarta daga hannuna, ta goya ta, ta ɗaure zanen sosai, ta gyara mayafinta. Ma'aikacin teburin ya gama da lemonsa, yana goge yatsunsa a jikin wando.

"Malama, ki raka ni," ta ce. "Ubana ba bebe ba ne. Zan gaya musu sunansa da ƙasar da ya fito."