Dami Dubu da Tara

Shekarar da mahara daga Maraɗi suka addabi kudancin Katsina, Malam Manu na wani ƙauye kusa da Bakori ya rasu, ya bar 'ya'ya maza uku da rumbuna shaƙe da dawar gandu. Ko arba'in ba a yi ba kowa ya fara hangen hanya. Sanda, babbansu, yana son komawa cikin gari mai ganuwa. Hussaini zai bi surukansa Kafur. Maiwada kuwa, auta, shi dai a ba shi nasa.

Sai dai tsohon ya rantsar da su kafin ya cika: rabo daidai wa daida, ba a kwance dami, kuma kafin a raba ba mai cire ko zangarniya sai uwarsu Inno, don tuwo.

Aka ƙirga, dami dubu da tara. Aka kasa uku, ɗaya ya yi saura. Suka ɗauko Malam Maitama mai hisabi, ya share ƙasa ya yi ta zane. Ya sa 'yan'uwansu mata biyu, bai rabu ba. Ya sa Inno, ya sa jikoki, ya gwada bakwai, ya gwada sha ɗaya, har talatin da ɗaya, kullum sai an sami saura.

"Wannan adadi kurma ne," in ji shi. "Ko mutum ɗaya ya kwashe duka, ko a tara mutum dubu da tara kowa ya ɗauki guda. Amma da zai ragu da ɗaya, da ya rabu uku sumul."

Inno tana bayan zana tana ji, daɗi ya kashe ta. Daga ranar ba ta ƙara kallon rumbun gandu ba. Ta buɗe ɗan rumbunta na gayauna tana ciyar da gidan kaf. Ita a ganinta, muddin adadin nan na nan, 'ya'yanta na tsakar gida ɗaya, ko da kuwa ba sa ga maciji da juna.

Su kuma suka zuba mata ido. Ba wanda ya sayo ko mudu, sun san rumbun tsohuwa ba rijiya ba ne.

Da bazara ta kama, hatsinta ya ƙare. Ta sayar da akuyarta, ta koma dafa rama da dusa. Wata safiya Ladidi, 'yar Sanda mai shekara huɗu, ta riƙe mata zane.

"Inno, yau ma ba kunu?"

Inno ta dubi 'ya'yanta zaune a gindin tsamiya, kowa ya kau da kai. Ta jingina tsani a jikin rumbun gandu, ta hau da kyar, ta jawo dami ɗaya ta jefo ƙasa.

Tana cikin sussuka ta ji Sanda yana cewa, "Ɗari uku da talatin da shida kowa. Hussaini, kwanto jakuna."