Ƙwayar da Aka Raba wa 'Yan Dubiya

A 2006 aka buɗe wa mijina Naziru kai a Kano, aka kwashe jinin da ya daskare bayan ya faɗi daga babur. Ranar sallama likita ya damƙa min magunguna, har da wata farar ƙwaya, maganiziyam. Ya ce tana taimakawa wajen rage zogi, kada in bari ta yanke sai mun dawo bayan wata guda. Na duba kemis-kemis na Azare, inda muke zaune, ko akwai irinta, babu.

Sai 'yan dubiya suka fara sauka daga garinsu Katagum, yayarsa Mas'uda a gaba. Ita ta raine shi, don haka a ganinta kan nan ma nata ne. Ba na ƙaunarta, ita ma ba ta taɓa ɓoye nata ba.

A kwana na goma na ɗaga kwalbar na ji ta fayau.

"Yaya, ina maganin?"

"Na ba mutane," ta ce, ko kallona ba ta yi ba. "Mutum ya taso tun daga Katagum da ciwon kai, sai ya koma hannu rabbana? Abin da ya yi wa wanda aka fasa wa kai ai kowa zai yi wa."

"Goro ne?"

"Iya bakinki, Husaina. Gidan ƙanena ne."

Bayan kwana biyu, da hantsi, zogi ya taso. Naziru, mutumin da bai taɓa cewa wash ba, ya cusa gefen zanin gado a baki yana cizo. Yaya tana ta yi masa fifita da sannu, kamar sannu ake haɗiya.

Na yafa gyale na nufi tasha. A Katagum na bi 'yan dubiyar gida-gida, ko gaisuwa ban tsaya yi ba. Wata ta kwance bakin zaninta ta jefa min ƙwaya biyu a ƙasa. Wani tsoho ya ce tunda yake bai taɓa ganin an biyo kyauta ba. Na ce yau ya gani. Kunya ta kama ni har cikin ƙashi, amma na tsince ƙwayoyin daga ƙasa na hure. Bakwai na samo.

Da la'asar na dawo na tarar labari ya riga ni, direba ya kawo shi. Yaya ta ɗaure kayanta tana zaune a zaure.

Na ɗago kan Naziru na sa masa ɗaya a baki. Ya haɗiye da ƙyar, ya lumshe ido.

"Husaina," ya ce, "da wane ido zan shiga Katagum?"

"Da naka biyu," na ce. "Da ƙafarka kuma."

Na ƙulle sauran shidan a bakin zanina.