Gaisuwar Safe ga Kiristobal

A garinmu, duk wanda ya ɗora ido a kan Waliyyi Kiristobal da safe ba ya mutuwa a ranar. Shi ya sa mutanen dā suka zana shi ƙato a bangon coci daura da ƙofa, ƙafafunsa cikin kogi, jariri Yesu a kafaɗarsa, don mai tafiya gona ya leƙa ya wuce. An ce ya haura shekara ɗari bakwai a wurin. Mutane dai ba su fasa mutuwa ba, amma ba a rasa mai cewa ai mamacin bai leƙa ba ran nan.

Ni ban taɓa ɗaukar abin da zafi ba sai da ciwon zuciya ya kama mijina, Saturio. Ga kuma yanar ido ta kama shi, dishi-dishi yake gani. Duk da haka kowace safiya sai na riƙe hannunsa mun hau tudun coci, muna tafe muna hutawa. Ya cire hula, ya ware idon nan da bai da amfani.

"Yana nan, Eduvigis?"

"Ina za shi, tsoho? Bango ƙafa gare shi?"

"To, yau ma mun sha."

Garin ya daɗe da watsewa. 'Ya'yanmu duk suna birni, mu da muka rage ko benci biyu ba ma cikawa. Ɓarayi sun yi gaba da gicciyen azurfa, ƙararrawa ta tsage, kwamin dutsen da aka yi mana baftisma a ciki ya koma matattarar ruwan sama. Rufi kuwa yoyo yake, har wani baƙin zane ya sauko ta kumatun waliyyi.

Da kaka sai ga Fada Anselmo, limamin coci da ke zagayo mana sau ɗaya a wata, tare da wata budurwa daga gidan tarihi na birni, Itziar. Wai za su ɗauke zanen.

"Ku ɗauke bango? Fada, lafiyarka kuwa?" in ji ni.

Yarinyar ta ce, "Iya, fentin kawai za mu ɓare. In ya ƙara damina ɗaya a nan, ya tafi ke nan. Can kuwa kowa zai gan shi."

"Kowa ban da mu. Mijina fa? Kullum zai hau mota ya je gaisuwa?"

Ta sunkuyar da kai. Abin da ya fi ƙona min rai, gaskiya ta faɗa, kuma ba ni da wanda zan zaga. Fada ya ce ai rai a hannun Allah yake, ba a hannun fenti ba. Na ce ya je ya faɗa wa Saturio da bakinsa. Bai je ba.

Ni ma ban faɗa ba. Da aka kafa katakai na ce wa Saturio rufi ake gyarawa, har yana sa musu albarka. Ina tsaye suka shafe waliyyi da danƙo, suka manna ƙyalle, da ya bushe suka feɗe shi daga sama kamar fatar rago. Suka naɗe shi, suka sa a mota. Na yi kuka har na ji kunyar yarinyar.

Washegari muka hau tudun. Numfashinsa ya fi na kullum nauyi. Bango fari fat, sai ɗan duhun inda mutum ya taɓa tsayawa. Saturio ya cire hula ya daɗe yana kallo.

"Yana nan?"

"Yana nan, tsoho."

Ya sauke ajiyar zuciya, ya lalubo hannuna ya matse.

"Bari in gaya miki, Eduvigis, tun bara ba na ganin komai a bangon nan. Ni nawa ya ƙare. Ke nake kawowa, don ban san yadda zan yi da yini guda babu ke ba. Kin kalle shi da kyau ko?"

Na kalli farin bangon.

"Na kalle shi," na ce.